Kaburbura Biyu na Maijirgi da Mutanen Birnin Ƙonni

A ƙasar Faransa, kusan kowane ƙauye yana da dutse da aka rubuta sunayen 'ya'yansa da suka mutu a yaƙi. Mu ma muna da wurin tuna yaƙi a ƙauyen Maijirgi, ƙasar Tasawa. Kaburbura biyu ne. Sai dai na waɗanda suka kashe kakanninmu ne.

Ga yadda abin ya faru. A shekarar 1898 Faransa ta tura ayarin soja zuwa Tafkin Cadi. Shugabanninsa biyu ne, Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine. Ana faɗin sunayensu Bule da Shanwan. Duk garin da suka isa sai su ƙwace hatsi da dabbobi, su kama mutane su aza musu kaya. Wanda ya ƙi, a harbe shi. A watan Afrilun 1899 Sarauniya Mangu ta tare su a Lugu da 'yan baka. Sun ƙone garin, amma ba su kama ta ba.

A watan Mayu suka auka wa Birnin Ƙonni. Ƙonni babban gari ne mai ganuwa, yana bin Sakkwato. To, ina kibiya ina igwa? Suka shiga, suka kashe maza da mata masu yawan gaske, suka kwashe waɗansu, suka sa wuta. Alhali kuwa bisa yarjejeniyar Turawa ta 1898, Ƙonni ba ta ma cikin rabon Faransa. Tana ɓangaren Ingila.

Labarin ta'asarsu ya riga ya kai Faransa, aka aiko Kanar Klobb ya tsai da su. Bai sha wuyar bin sawu ba, toka da gawawwaki suka nuna masa hanya. Ranar 14 ga Yuli ya cim musu a Dankori, Bule ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu baƙar fata suka juya, suka kashe Shanwan da Bule. Aka yi musu kaburbura a Maijirgi. A 1923 wani Bature mai mulki a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka tone su, aka tarar ba kowa a ciki.

Takardun Turawa sun riƙe sunan kowane hafsa. Mutanen Ƙonni kuwa, sunayensu suna bakin tsofaffi, kaka ya faɗa wa jika. A 2021 jikokin waɗanda abin ya shafa suka kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya, suna neman Faransa ta amsa laifin, ta kuma buɗe musu takardun wannan ayari.