Wiliyam Moris, Ɗan Attajirin Da Ya Zama Marini

An haifi Wiliyam Moris a wani ƙauye kusa da Landan cikin shekarar 1834. Ubansa attajiri ne, yana da rabo a wani wurin haƙar tagulla. Da yaron ya cika shekara 21 sai ya gaji dukiyar da ke ba shi fam 900 kowace shekara, watau abin da zai ishe shi ya zauna inuwa har ƙarshen ransa. Ya shiga babbar makarantar Okusfod da nufin zama limamin Kirista, amma zuciyarsa tana wajen aikin hannu.

A zamanin nan kuwa injuna sun riga sun ci ƙarfin masaƙan Ingila. Yadi ya yi arha, amma masaƙin da a da ke aiki cikin gidansa ya koma lebura mai tsaron inji. Moris ya ga in aka yi sake, sana'ar za ta bi tsofaffi kabari.

Ya fara da surfani. Da yake ba shi da malami, sai shi da matarsa Jen suka riƙa warware tsofaffin ɗinkuna, zare bayan zare, don su gane yadda mutanen da suka bi da allura. Cikin 1861 ya haɗa kai da abokansa suka kafa kamfanin yin kayan adon gida.

Rini shi ne ya fi ba shi wahala. Tun 1856 aka gano hanyar fid da launi daga kwalta, marina suka rungume ta, suka yar da itatuwa da saiwoyi. Launin yana ɗaukar ido, amma rana na dukansa sai ya koɗe. Moris bai yarda ba. Cikin 1875 ya tafi garin Lik wurin wani mai marina, Tomas Wadil, suka duƙufa kan tsofaffin littattafai, suna gwada saiwar da ke ba da ja, da ɓawon wani ɗan itace mai ba da ruwan ƙasa. Baba kuwa ya gwada musu hali. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi ya san baba ba ya son gaggawa: a tsoma zare, a fid da shi kore, a jira iska ta mai da shi shuɗi, a sake tsomawa. In ruwan bai nuna ba, wahalar yini ta tashi banza. Haka wannan ɗan attajiri ya riƙa yawo da hannuwa shuɗaye, sai ka ce marinin Ƙofar Mata.

Cikin 1879, yana da shekara 45, ya kafa masaƙa a ɗakin kwanansa. Yakan tashi da asuba ya hau saƙa, yana koya wa kansa daga wani tsohon littafin Faransa. Ƙyallen farko mai zanen ganye da tsuntsaye, irin wanda ake ratayawa a bango, ya ci masa awa 516. Cikin 1881 ya kwashe marina da masaƙu zuwa Maton, bakin wani rafi mai ruwa mai kyau.

Sai dai akwai abin da ya tsaya masa a rai. Aikin hannu yana cin lokaci, saboda haka yana da tsada. Talakan da yake wa kishi ba shi da halin sayen labulensa, sai masu kuɗi. Wannan na cikin abin da ya tura shi siyasar gurguzu cikin 1883, yana tsayawa bakin titi yana yi wa ma'aikata jawabi. Bai sami maganin matsalar ba.

Ya rasu cikin 1896, yana da shekara 62. 'Yarsa Me, wadda ya danƙa wa sashen surfani tun 1885, ta ci gaba da riƙe allura har ta rasu cikin 1938. Kamfanin kuwa an rufe shi cikin 1940.