Attajiri da kujerar mulki: abin da zaɓukan Amurka suka nuna

Tsarin mulkin Amurka sharuɗɗa uku ya gindaya wa mai neman shugabancin ƙasar: ya kasance haifaffen ɗan ƙasa, ya kai shekara 35, ya kuma zauna a cikinta shekara 14. Bai ambaci kasuwanci ba. Duk da haka, kusan ƙarni guda ke nan, da zarar attajiri ya fito takara sai muhawara ta koma kan littafin cinikinsa. Magoya baya su ce wanda ya riƙe kamfani zai riƙe ƙasa, abokan hamayya kuma su tono bashin da ya ci da ma'aikatan da ya kora, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Herbert Hoover ne ya fara hawa karaga da wannan kirari. Maraya ne da ya karanta ilimin duwatsu a Jami'ar Stanford, ya yi aikin haƙar ma'adinai a Ostareliya da Sin, ya zama miloniya kafin ya cika shekara 40. Ya jagoranci ciyar da mutanen Beljiyam a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma riƙe ma'aikatar kasuwanci daga 1921 zuwa 1928. A zaɓen 1928 ya samu ƙuri'un wakilan zaɓe 444, Al Smith ya tashi da 87.

A watan Oktoban 1929 kasuwar hannayen jari ta New York ta rushe. Hoover bai naɗe hannu ba, amma bai iya sarrafa majalisa ba. Gyaran harajin kayan gona da ya nema ya rikiɗe a hannun 'yan majalisa ya zama dokar Smoot-Hawley, wadda ta ɗaga kuɗin fito a kan dubban kayayyaki. Ya sa mata hannu a watan Yunin 1930 duk da roƙon masana tattalin arziki fiye da 1,000, wasu ƙasashe kuma suka rama. Daga nan sunansa ya koma abin zambo. Unguwannin bukkokin kwali da marasa aiki suka kafa aka raɗa musu Hooverville, tsohuwar jaridar da talaka ke lulluɓa da ita aka kira ta bargon Hoover. A 1932 ya tashi da ƙuri'a 59, Franklin Roosevelt ya kwashe 472.

Harry Truman kuwa kishiyarsa ne. A 1919 ya buɗe kantin tufafin maza a Kansas City da abokinsa Eddie Jacobson, a 1922 kantin ya durƙushe, ya shafe shekaru yana fama da bashin. 'Yan adawa ba su bar masa wannan gori ba har bayan ya zama shugaban ƙasa a 1945. Sai dai ya yi shekara goma a Majalisar Dattawa, ya san yadda ake lallashin wanda ba a iya tilasta wa. A 1948, majalisa tana hannun 'yan Republican, ya samu amincewarta da Shirin Marshall, wanda ya zuba kimanin dala biliyan 13 wajen farfaɗo da Yammacin Turai, da taimakon Sanata Arthur Vandenberg na jam'iyyar adawa. An ruwaito cewa da zai bar fadar ya tausaya wa magajinsa Janar Eisenhower, yana cewa zai zauna ya ce a yi kaza a yi kaza, kuma ba abin da zai motsa.

A nan bambancin yake. Mai kamfani shi ke ɗauka shi ke kora, yana da ikon rufe reshen da ba ya kawo riba, ma'auninsa kuma guda ne. Shugaban Amurka ba ya korar sanata ko alƙalin Kotun Ƙoli, ba ya kashe ko sisi sai majalisa ta ware, ba ya sayar da jihar da ta fi cin kuɗi. Waɗanda suka ƙi shi a akwati su ma amanarsa ne.

Ross Perot, wanda ya kafa kamfanin kwamfuta na EDS a 1962, shi ya mayar da rashin gogewa a gwamnati abin taƙama. A muhawarar 1992 da aka yi masa gorin bai taɓa riƙe muƙami ba, ya amsa cewa lalle bai da gogewar tara wa ƙasa bashin dala tiriliyan 4. Ya samu kusan kashi 19 cikin ɗari na ƙuri'un jama'a, bai ci ko jiha ɗaya ba. Tarihinsa ma ya nuna iyakar salon: bayan General Motors ya sayi EDS a 1984, Perot ya shiga hukumar daraktocinsa, inda ba shi ke da wuƙa da nama ba. Cikin shekara biyu zaman ya gagara, aka biya shi kimanin dala miliyan 700 ya fita.

A 2012 yarfen ya fito ne daga cikin gida. Mitt Romney ya yi tutiya da shekarunsa a kamfanin zuba jari na Bain Capital, sai Rick Perry, ɗan jam'iyyarsa, ya kira salon jari-hujjar ungulu. Wata magana da ya yi a New Hampshire, cewa yana son ya iya korar masu yi masa hidima, kamfanonin inshora yake nufi, amma aka datse ta aka yaɗa. Obama ya gaji makamin, ya kayar da shi 332 da 206. Hayaniyar ta binne hujjar da ta fi dacewa da kujerar: a 2006, yana gwamnan Massachusetts, ya samar da dokar inshorar lafiya tare da majalisar da 'yan Democrat suka mamaye.

Bayan shekara huɗu reshe ya juye da mujiya. A watan Maris na 2016 Romney ɗin ne ya tsaya a Salt Lake City ya kira Donald Trump mayaudari, ya jero kasuwancinsa da suka mutu. Trump ya mayar da martani cewa Romney ya roƙi goyon bayansa a 2012, ya ci gaba da raɗa wa abokan takara sunayen ba'a, ya kuma zama shugaban Amurka na farko da bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ko na soja ba. Kujerar ba ta sauya hali ba. Ya samu dokar rage haraji a Disamban 2017 domin jam'iyyarsa ta haɗe a kanta, amma a watan Yulin shekarar sanatocin Republican uku, ciki har da John McCain, sun kayar da yunƙurin soke dokar lafiya ta Obama, 51 da 49. Takaddamar kuɗin katangar iyaka ta rufe sassan gwamnati kwana 35, aka buɗe ba tare da ya samu abin da ya nema ba.

Muhawarar ba baƙuwa ba ce a Najeriya, inda zaɓen 12 ga Yunin 1993 ya haɗa 'yan kasuwa biyu, Moshood Abiola da Bashir Tofa, kuma har yau 'yan takara na kafa hujja da kamfanoninsu. Kasuwanci yana koyar da lissafi da zaɓen ma'aikata, amma arzikin Hoover bai cece shi ba, karayar Truman kuma ba ta hana shi ba. Idan ƙurar zagi ta lafa, tambayar da ta rage wa mai zaɓe ita ce ko ɗan takara ya taɓa cim ma wani abu tare da mutanen da ba ya biyan albashinsu, ba kuma shi da ikon korarsu.