Hakeem Olajuwon: Daga Sakkwato Zuwa Kofin NBA

Yau ƙwallon kwando za mu taɓa, kuma mutumin namu ɗan Najeriya ne, Hakeem Olajuwon.

An haife shi a Legas ranar 21 ga Janairu 1963, iyayensa 'yan kasuwar siminti ne. Da ƙwallon ƙafa ya taso, a matsayin gola, sannan ƙwallon hannu. Yana ɗan shekara 15 makarantarsu, Muslim Teachers College, ta je gasar wasanni a Sakkwato. Shi ƙwallon hannu ya je bugawa, sai wani ɗalibi ya roƙi koci a saka dogon nan a tawagar kwando. To ka ji mafarin. A Sakkwato fa, ba a Amurka ba.

A 1980 ya tafi Jami'ar Houston wajen koci Guy Lewis. Ya je da tsawo amma babu gogewa, don haka lokacin hutu yake zuwa ya kara da Moses Malone, gwarzon NBA na lokacin, ana ture shi yana tashi. Sau biyu suka kai wasan ƙarshe na jami'o'i, 1983 da 1984, sau biyu suka sha kashi. Duk da haka a zaɓen sabbin 'yan wasa na 1984 shi Houston Rockets ta ɗauka na ɗaya. Michael Jordan na uku ya zo.

Shekarunsa na farko akwai zafin rai, ga faɗa a fili, ga musu da alƙalan wasa. A 1992 ma kulob ɗin ya dakatar da shi, wai ƙaryar ciwo yake don a ƙara masa kuɗi. Ya ƙaryata, har ya nemi a sayar da shi. A daidai wannan tsakanin ne ya koma ya riƙe addini da gaske, ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem a 1991.

Sai kakar 1993-94. A shekara ɗaya ya zama gwarzon gasar, gwarzon tsaron gida, kuma gwarzon wasannin ƙarshe, abin da ba wanda ya taɓa haɗawa kafinsa. A wasa na shida da New York Knicks, John Starks ya tashi zai jefa ƙwallon da za ta ba su kofi, Hakeem ya kai hannu ya taɓe ta. Suka ci na bakwai.

Nan ne ake masa rashin adalci. Za ka ji ana cewa ai don Jordan ya yi ritaya ne ya samu kofi. To na 1995 fa? Jordan ya dawo a watan Maris na shekarar, Orlando Magic ta su Shaquille O'Neal ta fitar da shi. Ita wannan Orlando ɗin ce Hakeem ya share 4 da 0 a wasan ƙarshe, kuma Houston daga mataki na shida ta taho. Kafin nan ya gasa wa David Robinson aya a hannu, a shekarar da aka ba Robinson kyautar gwarzo. Ku nemi bidiyon ku ga yadda yake juya ƙafa, salon da ake kira Dream Shake. Shi da bakinsa yana danganta wannan da ƙwallon ƙafar da ya buga yana yaro.

Kuma a bakin azumi yake wasa idan Ramadan ya zo, ko ruwa ba ya sha. Fabrairun 1995 ya faɗo cikin azumi, kuma shi aka ba gwarzon watan. Takalmin da ya sa wa sunansa da kamfanin Spalding kuwa kusan dala 35 ake sayarwa, lokacin da na wasu taurari ya haura dala 100, don uwa mai ƙaramin ƙarfi ta iya saya wa 'ya'yanta.

Abin da ke ci wa wasunmu rai shi ne 1996. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1993, ya ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta da rigarsu. Ni dai ban ga laifinsa ba. Ƙasar da ta gano shi bisa katari a wata gasar makarantu, wane tanadi ta yi na riƙe shi?

Ya ƙare da Toronto Raptors a 2002. Ƙwallo 3,830 ya tare a rayuwarsa ta NBA, kuma har yau ba wanda ya kamo wannan adadi.