Arzikin Ƙasa da Mutuwar Jarirai a Tarihin Ingila

Idan masana suna son su gane irin zaman da jama'ar wata ƙasa ke yi, sukan duba yawan jariran da ke mutuwa kafin su cika shekara guda, cikin kowane dubu da aka haifa da rai. Dalili kuwa shi ne jariri ba ya da ƙarfin jure ƙazamin ruwa, ko sanyin ɗaki, ko yunwar uwa. Duk abin da ya gaza a gida, a jikinsa yake fara bayyana. Tarihin Ingila ya nuna cewa wannan ma'auni yakan faɗi abin da lissafin dukiyar ƙasa ke ɓoyewa.

A shekarar 1837 aka fara rajistar haihuwa da mutuwa a Ingila da Wales. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, ƙasar ta yi arzikin da ba a taɓa ganin irinsa ba, da masaƙu, da kwal, da jiragen ruwa, da ƙasashen da ta mallaka. Tun daga wajen 1870 mutuwar manya da ta yara masu wayo ta soma raguwa. Amma ta jarirai ta tsaya cik a wajen 150 cikin dubu, har ma ta kai 163 a 1899.

Musabbabin wannan kuwa yana cikin unguwannin ma'aikata. Mutane sun cunkusu a ƙananan ɗakuna, masai na bokiti ne, kashin dawaki ya cika tituna, ƙudaje kuma suna tashi daga juji su sauka a kan abinci. Madarar shanu takan lalace kafin ta iso gari, sa'an nan a ɗura wa jariri ita da kwalba mai dogon bututun roba wanda ba ya wankuwa. Saboda haka duk shekarar da zafi ya tsananta, sai zawo ya kwashe jarirai dubbai cikin 'yan makonni.

Abin da ya farkar da Hukuma shi ne yaƙin da ta yi da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, inda aka ƙi ɗaukar samari da yawa aikin soja saboda rashin ƙoshin lafiya. Aka kafa kwamitin bincike, ya ba da rahotonsa a 1904. A 1906 wani likita, George Newman, ya wallafa littafi inda ya nuna cewa jarirai wajen 120,000 ke mutuwa kowace shekara, watau rubu'in dukan mace-macen ƙasar.

Gyaran da ya biyo baya bai ci kuɗi mai yawa ba. Dokar 1902 ta wajabta wa ungozomomi yin rajista. A 1904 magajin garin Huddersfield, Benjamin Broadbent, ya yi alkawarin fam guda ga kowane jaririn unguwar Longwood da ya cika shekara. Dokar 1907 ta ba ƙananan hukumomi ikon tilasta a sanar da haihuwa cikin sa'a 36, domin ma'aikaciyar lafiya ta ziyarci mai jego da wuri, kuma a 1915 aka wajabta haka ko'ina. Aka buɗe ɗakunan awon jarirai, aka tsabtace madara, masai na ruwa ya yaɗu. Adadin ya sauko zuwa 60 a 1930, da 30 a 1950, yau kuwa yana wajen 4.

Duk da haka, adadin ƙasa baki ɗaya yakan rufe bambancin da ke tsakanin gida da gida. A 1911 jariran lebura sun ninka na masu hali wajen mutuwa, kuma rahoton kwamitin Sir Douglas Black na 1980 ya tarar da giɓin bai toshe ba, alhali an shekara 32 ana ba kowa magani kyauta. Haka abin yake a wasu ƙasashe masu arziki. Amurka ta fi Japan samun kuɗi bisa kan kowane mutum, amma a 2022 jarirai fiye da 5 cikin dubu suka mutu a Amurka, a Japan kuwa ba su kai 2 ba. A cikin Amurkar ma, jariran baƙar fata sun ninka na farar fata.

Saboda haka ma'aikacin da aka miƙa wa ƙididdigar ƙasa, wajibi ne ya nemi a rarrabe masa ita unguwa unguwa, sana'a sana'a, kafin ya yanke hukunci cewa zaman jama'a ya kyautatu.