Shirin Fatake Zuwa Gwanja

A ƙarni na 19, fataken Kano da Katsina sukan ɗaura niyyar Gwanja, wato ƙasar Salaga da ke arewacin Gana ta yau, da zarar an gama girbi, domin rani ne ke janye ruwan rafuka ya buɗe hanya. Madugu, shugaban ayari, shi ke zaɓen zango, wurin sauke kaya a kwana, shi ke kuma daidaita kuɗin fito da sarakunan Borgu. Jakuna kan tafi da kanwa da jar fata, su komo da goro a ƙunshe cikin ɗanyen ganye, ana yayyafa masa ruwa don kada ya bushe. Wannan ƙwarewa, wadda ta cancanci a riƙa tunawa da ita, ta ja baya bayan layin dogo ya ratsa Minna da Gwada ya isa Kano a 1911.