Lewis Hamilton: Muhawara a kan shekararsa ta farko a gasar Formula One

Ba kasafai sabon shiga ke girgiza wata gasa ta duniya kamar yadda Lewis Hamilton ya yi a tseren motoci na Formula One a shekarar 2007 ba.

Matashin ɗan Birtaniya, wanda a lokacin yake da shekaru 22, ya lashe tsere huɗu a shekararsa ta farko, kuma maki ɗaya tak ya hana shi zama zakaran duniya.

Tun daga lokacin masu sha'awar wasan suka kasu gida biyu. Wasu na cewa bajintarsa ce ta kai shi, wasu kuma na ganin motar da aka ba shi ce ta yi aikin.

Tambaya ce da masu kallon sukuwa a ƙasar Hausa suka saba da ita: idan doki ya zo na ɗaya, wa ya kamata a yaba, dokin ko mahayinsa?

Yadda gasar take

Formula One ita ce gasar tseren motoci mafi daraja a duniya. An fara ta a matsayin gasar duniya a 1950, a filin Silverstone na Ingila, kuma hukumar FIA ce ke kula da ita.

Ta sha bamban da tseren Dakar, wanda a da yake ratsa hamadar Nijar ta Agadez. Ita a kan kwaltar da aka keɓe ake yin ta, motoci na zagayawa har su cinye kimanin kilomita 305, da gudun da kan wuce kilomita 300 a sa'a guda.

A 2007 kamfanoni 11 ne suka shiga gasar, kowanne da motoci biyu, aka kuma yi tsere 17 a ƙasashe daban-daban.

A tsarin wancan lokaci wanda ya zo na ɗaya yana samun maki 10, na biyu maki 8, na uku maki 6, haka ake raguwa har zuwa na takwas mai maki ɗaya.

Kowane kamfani da irin motarsa, kuma ƙarfin aljihunsu ba ɗaya ba ne. Saboda haka direban da ke ƙaramin kamfani kan shafe shekaru bai ko hango na ɗaya ba, komai ƙwarewarsa. Wannan shi ne tushen muhawarar.

Wane ne Hamilton?

An haifi Lewis Hamilton ranar 7 ga watan Janairun 1985 a garin Stevenage da ke arewa da birnin Landan. Mahaifinsa, Anthony, baƙar fata ne mai asali daga tsibirin Grenada, mahaifiyarsa kuma Baturiyar Ingila ce.

Ya fara tsere da ƙananan motocin yara yana da shekaru takwas, mahaifinsa na haɗa ayyuka da dama domin biyan kuɗin.

Yana da shekaru 10 ya tunkari shugaban kamfanin McLaren, Ron Dennis, a wajen wani bikin ba da lambobin yabo, ya shaida masa cewa yana so wata rana ya tuƙa motarsa.

A 1998 McLaren ya ɗauke shi cikin shirinsa na renon matasan direbobi, ya kuma ci gaba da ɗaukar nauyinsa.

Ya lashe gasar Formula Renault ta Birtaniya a 2003, da gasar Formula 3 ta Turai a 2005, inda ya ci tsere 15 cikin 20, sannan gasar GP2 a 2006, wadda a lokacin ita ce matakalar ƙarshe kafin Formula One.

A watan Nuwambar 2006 McLaren ya sanar da cewa Hamilton zai tuƙa masa mota tare da Fernando Alonso ɗan ƙasar Spaniya, zakaran duniya na 2005 da 2006. Da haka ya zama baƙar fata na farko da ya yi tsere a gasar.

Kakar 2007

A tserensa na farko, a birnin Melbourne na Ostireliya ranar 18 ga watan Maris, Hamilton ya zo na uku.

Daga nan ya jera tsere tara bai fita daga cikin ukun farko ba, abin da wani sabon shiga bai taɓa yi ba.

Ya sami nasararsa ta farko a Montreal ta Kanada ranar 10 ga watan Yuni, bayan mako guda kuma ya sake yin nasara a Indianapolis ta Amurka, Alonso na biye da shi.

Ya ƙara da ta Hungary a watan Agusta, da ta Japan a ƙarshen Satumba, wadda aka yi cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya.

Bayan tseren Japan, saura tsere biyu a kammala gasar, ya ba Alonso tazarar maki 12, ya kuma ba Kimi Raikkonen na kamfanin Ferrari tazarar maki 17. Jama'a da dama sun ɗauka an gama.

Sai dai a Shanghai ta China ya daɗe bai canja tayoyinsa ba har suka cinye. Da ya juyo zai shiga wurin makanikai, motar ta zame ta maƙale a cikin tsakuwa, ya fita daga tseren ba tare da maki ba.

A tseren ƙarshe, a birnin Sao Paulo na Brazil ranar 21 ga watan Oktoba, da ya zo na biyar da ya ɗauki kambun. Amma ya kauce daga kwalta a zagayen farko, sannan giyar motarsa ta sami tangarɗa, ya koma can baya, daga ƙarshe ya zo na bakwai.

Raikkonen, ɗan ƙasar Finland, ya lashe tseren biyu na ƙarshe, ya zama zakara da maki 110. Hamilton da Alonso kowanne ya tashi da 109, amma aka sa Hamilton a gaba saboda ya fi yawan zuwa na biyu.

Hujjar masu cewa mota ce

Babbar hujjar wannan ɓangare ita ce alƙaluman shekarar. McLaren da Ferrari ne kaɗai suka lashe dukkan tsere 17, Ferrari tara, McLaren takwas. A ganinsu, duk wanda ke cikin ɗaya daga motocin nan huɗu ya riga ya sami rabin nasara tun kafin a tashi.

Sukan kawo misalin Adrian Sutil ɗan Jamus, wanda ya zo na biyu a bayan Hamilton a gasar Formula 3 ta 2005. Shi ma a 2007 ya shiga Formula One, amma a ƙaramin kamfanin Spyker, kuma maki ɗaya ya samu a duk shekarar.

Haka kuma suna nuni da cewa manyan zakaru da yawa daga ƙasa suka faro. Ayrton Senna na Brazil ya fara da kamfanin Toleman a 1984, shi kansa Alonso kuma ya fara da Minardi a 2001, inda ya kammala shekarar ba shi da maki ko ɗaya.

Sun ce Hamilton ya sami gatan da waɗannan ba su samu ba: shekaru kusan tara a hannun McLaren, da gwajin mota mai yawa kafin a fara gasar, da kuma na'urar kwaikwayon tuƙi da kamfanin ke da ita.

Magoya bayan Alonso na ƙarawa da cewa kafin a fara kakar ne kamfanin taya na Michelin ya fice daga gasar, kowa ya koma amfani da tayoyin Bridgestone, kuma gwanin nasu ya ɗauki lokaci kafin ya saba da su.

Akwai kuma batun abin kunyar leƙen asiri. A watan Satumbar 2007 hukumar FIA ta ci McLaren tarar dala miliyan 100, ta kuma cire shi daga gasar kamfanoni, bayan an sami takardun sirri na Ferrari masu shafi 780 a hannun babban mai zana motocinsa. An bar wa direbobin makinsu, kuma ba a sami Hamilton da hannu a ciki ba, amma masu suka na ganin lamarin ya shafa wa nasarorin kamfanin kashin kaji.

Hujjar masu cewa direba ne

Masu goyon bayan Hamilton ba su musanta cewa motarsa mai kyau ce ba. Abin da suke cewa shi ne, ma'aunin da ya fi adalci a wannan wasa shi ne a gwada direba da abokin aikinsa, tun da mota iri ɗaya suke tuƙawa.

Hausawa na cewa doki ɗaya a fage gudu gare shi. To Hamilton ba shi kaɗai ba ne a fagen McLaren, tare yake da mutumin da ya doke Michael Schumacher a shekarar da ta gabata, kuma suka tashi da maki ɗaya da yawan nasarori ɗaya.

Sau shida kuma ya sami gurbin farko a layin tashi, wanda ake bai wa direban da ya fi kowa sauri a gwajin share fage, alhali Alonso sau biyu ya samu.

Suna kuma kafa hujja da tseren Japan, domin a cikin ruwan sama fifikon mota yakan ragu, aiki ya koma ga hannun direba da natsuwarsa.

Game da batun gata kuwa, sun ce McLaren ba ya rabon kujera don tausayi, kuma Hamilton ya lashe kowace gasa da ya bi kafin a ba shi motar.

Rikici da Alonso

Wani ɓangare na muhawarar ya shafi halayyar matashin, da irin zafin neman nasara da yake da shi.

A Monaco ya zo na biyu a bayan Alonso, ya kuma nuna rashin jin daɗinsa a fili cewa kamfanin ya hana shi fafatawa. FIA ta yi bincike, ta wanke McLaren.

A gwajin share fage na Hungary, Hamilton ya ƙi bin umarnin kamfanin na ya ba Alonso hanya. Shi kuma Alonso ya tsaya a wurin canja taya fiye da kima, har lokaci ya ƙure wa Hamilton. Alƙalai sun mai da Alonso baya da gurbi biyar.

Wasu na kallon abin da Hamilton ya yi a matsayin rashin girmama na gaba, wasu kuma na ganin irin wannan zuciya ce ke yin zakara.

Alonso, wanda ya yi ƙorafin cewa kamfanin na Ingila ya fi karkata ga ɗan ƙasarsa, ya bar McLaren a watan Nuwamba ya koma Renault.

Gabar magoya baya ta yi muni a watan Fabrairun 2008, lokacin da wasu 'yan kallo suka yi wa Hamilton kalaman wariyar launin fata a wajen gwajin motoci kusa da Barcelona, abin da ya sa FIA ta ƙaddamar da yaƙi da wariya a wasan.

Abin da shekaru suka nuna

Kafin Hamilton, sabon shigan da ya lashe tsere huɗu a shekararsa ta farko shi ne Jacques Villeneuve ɗan Kanada, a 1996, da motar Williams. Ya zama zakara a 1997, amma daga nan bai sake lashe tsere ko ɗaya ba. Masu shakka sun yi hasashen haka za ta faru da Hamilton.

A 2008 ya zama zakaran duniya da tazarar maki ɗaya a kan Felipe Massa na Ferrari, bayan ya wuce Timo Glock a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe a Brazil. Abokin aikinsa na shekarar, Heikki Kovalainen, na bakwai ya zo da mota irin tasa.

A 2009 motar McLaren ta fara shekarar da rauni, amma duk da haka ya lashe tsere biyu.

Ya koma Mercedes a 2013, inda ya ɗauki kambu shida tsakanin 2014 da 2020, ya kamo tarihin Schumacher na kambu bakwai. A 2021 ya zama direba na farko da ya lashe tsere 100.

Sai dai ɗaya ɓangaren ma bai rasa abin kafa hujja ba. Jenson Button ya fi shi maki a McLaren a 2011, Nico Rosberg ya doke shi a Mercedes a 2016, sannan da motar Mercedes ta ja baya a 2022 da 2023 bai lashe tsere ko ɗaya ba.

A 2025 ya koma Ferrari, Mercedes kuma ya ba wani sabon shiga kujerarsa, Kimi Antonelli ɗan Italiya mai shekaru 18, wanda shi ma aka fara yi masa irin tambayoyin da aka yi wa Hamilton.

Abin da akasarin masu sharhi suka haɗu a kai shi ne, babu direban da ke zama zakara da mota maras ƙarfi, amma mota mai ƙarfi ma takan bayyana bambancin da ke tsakanin mutum biyun da aka ba su ita. A 2007 an ba sabon shiga da zakaran duniya mota iri ɗaya, kuma kowannensu ya tashi da maki 109.