Marubutan Da Suka Ɓoye Sunayensu

Sakaya suna tsohuwar al'ada ce a wurin Bahaushe. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa kuma takan yi wa ɗanta na fari alkunya. Hausawan da suka bi hanyar Makka suka zauna a Gadarif da sauran garuruwan Sudan, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, da wannan hali suka tafi. Marubuta ma sukan ɓoye sunayensu, amma su sau da yawa tilas ce takan sa.

A Masar, maƙwabciyar Sudan, an haifi Aisha Abdurrahman a garin Dimyat a 1913. Mahaifinta malamin addini ne, ba ya son sunan 'yarsa ya fito a jarida. Sai ta riƙa sa hannu da "Bintush Shaɗi'i", wato 'yar bakin gaɓa. Ta kare mutuncin gidansu, ba ta kuwa ajiye alƙalami ba. Har ta rasu a 1998 da wannan suna aka fi saninta.

Waɗansu kuma tsoron masu mulki ne ya sa. A zamanin da ake tsananta wa masu bin Gyaran Ikkilisiya a Faransa, John Calvin yana gudun hijira. Da aka sāke buga babban littafinsa na koyarwar Kirista a 1539, waɗansu kofe sun fito da sunan "Alcuinus", domin su shiga hannun masu karatu ba a ƙwace su ba. Haka lokacin mulkin Faransa a Kamaru, saurayi Alexandre Biyidi ya fitar da littafinsa na fari a 1954 da sunan Eza Boto. A 1956 ya koma Mongo Beti, wato ɗan kabilar Beti, ya soki Turawan mulki har da waɗansu 'yan mishan.

Akwai kuma wanda baƙin ciki ya sa. C. S. Lewis na Ingila ya yi suna wajen kāre bangaskiyar Kirista. Da matarsa ta rasu a 1960, ya rubuta kukansa da tambayoyi masu zafi da ya yi wa Allah. Ya buga su a 1961 da sunan N. W. Clerk. Sai bayan mutuwarsa a 1963 aka sa sunansa na gaskiya.

Dukan waɗannan sun ɓoye suna ne domin magana ta sami hanyar fita, kuma a ƙarshe an san ko su wane ne, ba su ji kunyar abin da suka rubuta ba. Wanda ya laɓe bayan sunan aro don ya yi wa ɗan'uwansa ƙazafi ba ya cikin sahunsu. Shi ya tuna, rana tana zuwa da za a tambayi mai alƙalami abin da hannunsa ya rubuta.